Ranar da Dannau Ya Riƙe Min Maigida

Maigidana Mahfuzu mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi haƙurin sauraro ba. Kafin ka kai tsakiyar zance ya ƙarasa maka shi, ya ba ka amsa, ya zura takalmi. Da wannan bakin yake sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa, da shi kuma yake mulkin gida. Har muka aurar da 'yarmu Khaula ban tuna ranar da na kai ƙarshen magana a gabansa ba.

A bazarar bana dannau ya sa shi gaba. Wanda ya san zafin Garwa ya san ba mai hankalin da zai zauna a shago bayan azahar. Sai ya dawo gida ya cika ciki da tuwo da miyar folere, wato yakuwa, ya miƙe rigingine a tabarma. Can sai ya farka, ido a buɗe, amma hannu ya ƙi, ƙafa ta ƙi, harshe ya ƙi, ga nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa buhun masara. In abin ya sake shi, sai ya zabura yana salati, sharkaf da gumi.

An yi hayaƙi, an sa wuƙa a ƙarƙashin matashi, duk a banza. Sai ya kai kaya garin Kaélé ya dawo da hujjarsa.

"A can lafiya lau na yi barci," ya ce. "Abin nan a gidan nan yake. Na yi magana da dillali. Sayarwa zan yi mu koma Meiganga wurin ƙanena, ga sanyi."

"Baban Khaula, amma Inna..."

"Inna za ta fi kowa jin daɗin sanyi." Ya fice.

Inna mahaifiyarsa ce, idonta ya daɗe da rufewa. Amma a gidan nan ba za ka ce makauniya ba ce. Hannunta a bango take zuwa randa, ta je banɗaki, ta je gindin lemo ta zauna, ba ta neman ɗan jagora. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana baki da baki. "Mutumin nan" take ce masa. Ni ta kira ɗakinta, ta riƙe min hannu tana hawaye.

"Sadiƙa, a gidan nan ina gani. Ranar da aka fitar da ni, ranar zan makance."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yafa gyale na shiga wurin maƙwabciyata Blandine, 'yar Mokolo, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Na zayyana mata komai. Ta yi dariya har da dukan cinya.

"Maman Khaula, wannan ai mun saba ganinsa a lopital, asibiti ke nan. In mutum na mafarki, jikinsa a ɗaure yake don kada ya tashi ya bi mafarkin da gudu. Wani lokaci hankali ya farka, jiki bai samu labari ba tukuna. Voilà, shi ke nan. Gajiya ce da kwanciyar rigingine. Ku ci gaba da addu'arku, amma ya kwanta ta gefe. In kin ga ya kama shi, taɓa shi, yakan sake."

"To a Kaélé fa?"

"A ina ya kwana?"

"A mota, a zaune, yana gadin kayansa."

Ta watsa hannu. Har na kai ƙofa sai na juyo.

"Madam Blandine, in yana cikin abin, yana jin magana?"

"Sau da yawa ras suke ji. Bakin ne kawai ba ya buɗuwa."

Na ce mata useko, wato na gode, na fito ina murmushi ni kaɗai.

Na gwada kai masa bayanin. Ina cewa "Blandine ta ce" ya ce aljani bai san allura ba.

Ranar da dillali zai zo da mai saye bayan la'asar, ina tankaɗe a tsakar gida na ji numfashinsa ya sauya. Na leƙa. Ga shi shimfiɗe, ido na zarewa, leɓe na rawa. Tausayi ya kama ni, na miƙa hannu zan taɓa shi. Sai na tuna wanda ya samu rana shi ke shanya. Na janye hannuna, na zauna kusa da kansa.

"Baban Khaula, ni ce. Kada ka ji tsoro, ba abin da zai same ka, yanzu zan tashe ka. Amma yau sai ka ji ni." Na yi sauri, don an ce abin ba ya daɗewa. Na faɗa masa zancen Blandine. Na tuna masa a zaune ya kwana a Kaélé. Sannan na faɗa masa abin da Inna ta ce, kalma da kalma, da yadda ta jiƙa min hannu da hawaye. Na kai ƙarshen zancena, har na ƙara da "shi ke nan". Sai na ja masa babban yatsan ƙafa.

Ya zabura ya zauna yana haki. Na gyara ɗaurin zani, ina jiran aradu ta faɗo.

"Wallahi yau da muryarki dannau ya zo," ya ce.

"Ni ce dai."

Ya kalle ni. Sai ya miƙe ya fita tsakar gida, ya rufe ido, ya ɗora tafinsa a bango. Ya bi shi a hankali. Tun daga ƙofar Inna har randa simintin ya yi sulɓi, yana ƙyalli, daidai tsayin hannunta. Kullum yana wucewa ta wurin, bai taɓa lura ba. Da ya buɗe ido sun kaɗa sun yi ja.

Ya tsaya a bakin ƙofarta, ya cire hula ya mayar. Inna ta ji motsinsa, ta kau da kai gefe kamar kullum.

"Sadiƙa," ya ce da ƙarfi, "ki gaya wa Inna ba inda za mu."

Inna ta murza carbi. Sai ta goge fuska da gefen mayafi.

"Sadiƙa, ki ce wa mutumin nan ya rage tuwon rana. Tun yana goye haka yake, in ya ƙoshi sai ya yi ta gurnani a bayana. Ki ce kuma Allah ya yi masa albarka."