Bakin Barkono

A tasha Barkono ake ce masa, don bakinsa ba ya raga wa kowa. Sai shanyewar jiki ta ɗauke wa tsohon direban magana. Yanzu ga shi a keken guragu a ɗakin binciken jami'a, an dasa masa 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa. Abin da ya yi niyyar faɗa, kwamfuta ta karanto ta faɗa da murya.

Auta ce ta koya wa kwamfutar wannan karatu, aikin digirinta na uku ke nan. Amma malaminta Farfesa, sarkin gudun abin kunya, ya sa ta yi wa kwamfutar rariya, duk wata baƙar magana a tace ta. Sai aka wayi gari Barkono ba ya cewa komai sai sannu da na gode.

Matarsa ta gaji da saurare.

"'Yata, wannan ba mijina ba ne," in ji ta. "Tun da ya aure ni bai taɓa ce min na gode ba. Ku kuke sa masa magana a baki."

Ta ce daga wannan makon ba za ta ƙara kawo shi ba. Abin ya ci wa Auta rai, don ta san matar ta yi gaskiya. Ta roƙi Farfesa ya bari ta cire rariyar, ya ce manyan baƙi na tafe, in ta taɓa rariyar nan ta nemi wani malamin.

Ranar da baƙin suka zo, Auta ta cire rariyar. Farfesa ya tsaya gaban keken ya yi ta zuba, sannan ya ce Barkono ya gaida baƙi.

Kwamfuta ta ce, "Kai mai ƙaton tumbi, matsa can. Ka tare min matata."

Farfesa ya watsa wa Auta harara, ita kuwa ta ƙi sunkuyar da kai.

"Abin da ya faɗa ke nan, Farfesa."

Matar ta ratsa baƙin ta durƙusa gaban keken, hawaye shaɓe-shaɓe.

Kwamfuta ta ce, "Ke kuma kukan me? Mummuna kawai."

Ta kama hannunsa tana dariya. "Shi ne. Wallahi shi ne."