Ranar da Muka Ce Haka Ne

Shekara goma sha ɗaya ina facin taya a bakin titin da ya ratsa Rogo ya nufi Ƙaraye, daidai gangaren injin niƙa, don haka babu mai gaya mini halin wurin nan. Mota tana gangarowa a guje, direba ba ya hango mai tsallakawa sai ya zo kansa. A nan motar gyaɗa ta take maƙwabcina Sulle, yana dawowa daga raka 'yarsa Munawwara firamaren da ke tsallaken titi. Da tabarmata aka rufe shi.

Bayan wata biyu aka yi shela cewa za a sake fasalin titin, kuma injiniya zai zo daga Kano ya ji ta bakin jama'a. Hajo, matar Sulle, tana cikin takaba, ba halin zuwa taro. Ta aika aka kira mata Jibo, yayan mamacin. Zaurensu yana bayan rumfata, da kunnena na ji.

"Yaya, don girman Allah ka faɗa musu gangaren nan. A sa mana tudun rage gudu. Yarinyar nan kullum ta nan take bi."

"Kwantar da hankalinki, zan faɗa," in ji Jibo.

Ranar taro, injiniyan, wani saurayi mai suna Nuruddeen, ya shimfiɗa taswira a kan tebur, ya ɗaga jan biro. Da Hausa tsantsa ya yi magana, ba wanda zai ce bai gane ba.

"Iyayena, duk inda titin nan ya taɓa cin rai ku nuna mini in sa alama. Inda ja ya fi yawa, nan za mu fara."

Mu kuwa gwanayen gaisuwa, sai da muka ci awa guda muna yi masa sannu da hanya da godiya. Masu shaguna suka nemi kwalbati, 'yan acaɓa suka nemi rumfa. Can sai ya ɗora biron a kan gangarenmu.

"Nan fa? Na ji an ce an yi hatsari."

Kowa ya juya ya dubi Jibo. Ya miƙe, ya gyara zaman hula.

"Ranka ya daɗe, ƙanena ne. Amma ba zan ɗora wa titi ba, ba zan ɗora wa direba ba. Ajali ne, ko a kan gadonsa yake sai ya tafi. Mun yafe."

Wuri ya ɗauka: "Haka ne! Allah ya ba da ladan haƙuri!" A wajenmu haka dattijo yake magana. Wanda ya tsaya tone-tonen mutuwa a bainar jama'a, sai a ce bai yarda da ƙaddara ba. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mu muka shiga bayi da babbar riga.

Injiniya ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, har idonsa ya tsaya a kaina. Ni da na ga komai, ni da na tsinto takalmin Sulle daga kwata, na buɗe baki na ce, "Haka ne." Ya rufe bironsa. Har yau in na tuna, haushin kaina nake ji fiye da na Jibo.

Aka yi aiki. Tudu uku da farin zanen tsallakawa suka tafi gaban tasha, can nesa da mu. Gangarenmu kuwa aka faɗaɗa shi, aka malala masa sabuwar kwalta sumul. Da, ramuka ne ke ɗan tsorata direbobi, yanzu har su an toshe.

Washegarin fitar Hajo daga takaba, ta riƙo hannun Munawwara cikin kayan makaranta, suka tsaya a bakin titi. Tirela ta wuce, bas ta wuce, iskarsu tana kaɗa hijabin yarinyar. Sun daɗe a tsaye. Har aka kaɗa ƙararrawar makaranta Hajo ba ta ɗaga ƙafa ba. Sai ta juyo wajen rumfata.

"Malam Barau, an ce kana wurin taron."

"Ina nan."

"To, kai me ka ce musu?"

Na sunkuya ina ta danna tif ɗin taya a cikin ruwa, alhali na riga na gano hujin. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ja 'yarta suka koma gida.

Da la'asar Munawwara ta zo da ƙunshi a leda, ta durƙusa ta ajiye a gabana. Rigar makarantarta ce, a wanke, a goge.

"Baba, in ji Inna, wai ka riƙa goge hannu da ita."