Motar da Shanun Gado Suka Saya

Don Inna ya sayi motar nan, ko don idon mutane? Munzali ya yi wa kansa tambayar a kan sallaya, ya yi ta a shagonsa na riɗi a Birnin Kudu, ga shi yanzu yana sake yin ta a bakin hanyar Dingaya, tsumma a hannu, yana goge taɓon da ya fallatsa a ƙofa don kada motar ta shiga garinsu da datti.

Matarsa Mansura ta sauke gilashi. "Baban Ummi, motar da ka ce don taɓo aka ƙera ta, ita kake wa wanka a tsakiyar daji?"

"Duba taya nake yi."

"Da tsumma?"

Jif ce fara, mai ja da ƙafa huɗu, kujerunta har yanzu cikin leda. A Kano dillalin ya nuna masa bidiyonta tana tsala gudu a bakin teku, ruwa na tashi gefe da gefe. Munzali bai taɓa ganin teku ba, amma tun daga ranar yake ganin kansa a cikin bidiyon, Inna a gaba, yara a baya, yashin kogin garinsu a madadin teku. Ya ce wa kowa don zumunci ya saye ta, don damina ta daina raba shi da mahaifiyarsa. Abin da ba ya son faɗa shi ne, shanunsa na gado ya sayar. Tun rasuwar Baba suna garke ɗaya a hannun wansa Hambali, kuma a gidansu ba a taɓa jin wanda ya kwashe rabonsa daga garke ba. Saniya ɗaya kawai ya bari, ita ma don tana da ciki. Ranar da aka kora su, Hambali bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya sa albarka. Ni dai ba zan zauna a kan shanun Baba ba." Tun daga nan in Munzali ya kira, sai ya miƙa wa Inna wayar.

Da suka isa ƙofar gida, mutane suka taru, kamar yadda ya yi fata kuma ya ji kunyar yin fatan. An shafa, an leƙa, an yi addu'a. Inna Indo ta fito da sandarta, ta zagaya motar sau ɗaya.

"Tana da kyau. Me take ci?"

"Mai, Inna. Ki shirya, yawo za mu kai ki bakin kogi."

"Kogin da na yi shekaru ina wanki a ciki?" Ta zauna a kan turmi. "Tunda ta zo, ga aiki. Shuka ta fito, yau ake tashi da shanu daga gonaki zuwa hayin kogi. Saniyarka ta haihu da asuba, maraƙin bai iya tafiya ba. Ga wanka da ciwon baya. Ka ɗauki maraƙin ka tsallaka da shi."

Munzali ya kalli ledar kujerun. Ya tuna warin sabon maraƙi, da abin da yake saki ba tare da sallama ba. Sai ya ji bakinsa na kawo hujjoji masu kyau, irin waɗanda ya saba karantawa: cewa kowane abu da abin da aka yi shi dominsa, cewa dabba takan firgita a mota, cewa Yaya da kansa ba zai so ba.

"Ba motar dabbobi ba ce, Inna."

"To," in ji ta. "Ni ma ba zan ɓata maka ita ba. Ku je yawonku."

Haka suka tafi babu ita. A hanya ya yi ta auna maganar. In da don Inna ya saya, da abin da ta ce shi zai yi. In kuma don mutane ne, ai mutane sun gani, me ya sa ransa bai yi fari ba? Ya lura har wannan tunanin ma daɗi yake masa, don yana sa shi jin kansa mutum mai zurfi.

Motar ba ta ba shi kunya ba. Ta gangara cikin kogin, ta hau yashi kamar kwalta, ta ratsa ɗan ruwan da bai kai gwiwa ba. Ummi da ƙanenta suna ihu. Ya ɗan so ma ta kafe, ko ya samu abin da zai ɗora wa laifi.

"Baba, ga Baffa can!" in ji Ummi.

Garken ya riga ya haura. A baya can, shi kaɗai a tsakiyar yashi, Hambali ne a duƙe, maraƙi a wuyansa, ya riƙe ƙafafunsa biyu-biyu a ƙirji. Jar saniyar na biye da shi tana shinshinar ɗanta. Yana taku kaɗan sai ya tsaya ya dafa gwiwa.

Munzali ya matsa kusa, ya sauke gilashi. Sanyin motar ya fita ya bugi fuskar wansa.

"Sannu, Yaya."

"A'a, Alhaji ne? Sannu da hutawa."

"Kawo shi mu sa a baya."

"Ka bar ta, kada ta yi wari. Mun saba."

Mansura ta yi ƙasa da murya. "In ta gilashi za ka yi maganar, gara mu koma gida."

Ya fito. Takalminsa ya nutse a yashi. Ya sa hannu ya zare maraƙin daga wuyan wansa, kamar yadda Baba ya koya musu su biyun, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a cinya. Danshin jikinsa ya manne wa farar shaddarsa. Mansura ta mai da yara gaba, ya kwantar da shi a kujerar baya. Kofatonsa na farko ya yaga ledar, na biyu ya samu fatar kujerar. Munzali ya ji abin har cikin haƙoransa, ya kuma ji haushin kansa da ya ji.

Maraƙin ya ƙi kwanciya. Yana zillo, yana zamewa, uwar na kuka tana tura kai ta ƙofa. Hambali ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Zai karya ƙafa a haka," ya ce. "Ba wanda ya iya riƙe shi a cikinku?"

Ya dubi hayin da sauran shanun suke, ya dubi ƙaninsa. Sannan ya kakkaɓe yashin ƙafarsa, ya yi bismilla, ya shiga, ya ɗora kan maraƙin a cinyarsa.

Munzali ya tada mota ya taka.

"Kai, ina za ka?" in ji Hambali. "Uwar za ta bi ka da gudu ne, jiya-jiya da ciki? Sauke gilashin nan ta ji warinsa. Bi a hankali."

Ya sauke. Saniyar ta kawo hancinta daidai tagar, suka kama hanyar hayi da tafiyarta.

"Munzali," in ji wansa daga baya. "Har yanzu kana sauri."