'Yan Hagu a Ajin Ticha Mutaru

"Mu sake," in ji Ticha Mutaru, yana ƙwanƙwasa allo da alli. "Wadda ta san amsa, wane hannu?"

"Dama!" matan suka amsa.

"Wadda ba ta sani ba fa?"

"Hagu!"

Mata ashirin da uku ne, masu koko da masu wagashi, wato cuku, da masu tallan nono daga bayan gari, sun cusa kansu a bencinan yaran firamare a unguwar Nyohini, kamar kullum bayan la'asar. Yau ƙungiyar da ta buɗe ajin za ta turo mai dubawa. Aji biyar gare ta a Tamale, biyu za ta rufe, shi kuwa Mutaru ba shi da wani aikin sai wannan. Ga matarsa Maltiti da ciki wata takwas.

Darasin da aka rubuto masa kuwa, kai, ko ɗan sakandare sai ya yi gumi: past perfect na Turanci. Sati biyu yana ta fama, idan abu biyu sun faru a baya, wanda ya riga faruwa shi ke ɗaukar "had". Mutum huɗu suka gane. Shi ya sa ya ƙulla wannan dabara: kowa ya ɗaga hannu aji ya yi kyau, shi kuma ya riƙa kiran 'yan dama.

Sai ga ƙarar yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, a ƙofa. Mutaru ya zaci wani yaro mai lakatayi za a turo. Ina! Wata dattijuwa ce ta sauko, Hajiya Fadilatu, furfura na leƙowa ta ƙarƙashin mayafi. Matan suka rusuna suka gaishe ta har da tambayar mutan gida.

Ya yi tambayar farko. Hannuwa ashirin da uku suka tashi, kuma wallahi duk dama. Ya kira Sala mai shago, wadda ya tabbata ta iya. Tambaya ta biyu, Sala. Ta uku, Sala.

"Ticha," in ji Hajiya, "Sala kaɗai ka gani ne? Ga hannuwa nan kamar gonar masara."

Ya laluba ajin da ido. Hannun Mma Dijatu mai nono ya fi na kowa tsawo, har tana kaɗa shi. Ƙila Allah ya buɗe mata kai a daren jiya. Ya kira ta.

Ta miƙe ta gyara zani. "Ticha, ka yi mini aikin gafara. Ni 'yar hagu ce. Amma baƙuwa, babba, kuma Hajiya, in ɗaga mata hagu? Uwata ba ta rene ni haka ba."

Mutaru ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi da aka haifa a Kukuo, nan cikin Tamale, ya sha duka a kan karɓar abu da hagu, yaya aka yi ya manta?

Hajiya ta cire tabarau. "To, 'yan hagu ku nawa ne?"

Suka kalli juna. Mata goma sha tara suka ɗaga hannu. Dama.

Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun ruwa. Mutaru ya ajiye littafin. "Mma Dijatu, ranar Talata me ya sa kika zubar da madararki?"

"Af, kar ka tuna mini. Babur ya mutu mana a unguwar Choggu. Kafin in iso kasuwa ta riga ta tsinke."

"Isowarki da tsinkewar, wanne ya riga?"

"Haba Ticha, wannan ma tambaya ce? Tsinkewar mana."

"To ita za ki ba 'had'."

Mma Dijatu ta lumshe ido, tana motsa baki kamar mai tilawa. "When I came... the milk had spoil."

"Spoiled," Sala ta raɗa mata.

"Spoiled! Ashe ɗan wannan abin ne ka yi sati biyu kana gasa mana aya a hannu?"

Nan fa aji ya kaure. Mai koko ta kawo labarin kwastoman da ya tafi kafin ta samo canji, mai wagashi ta kawo na akuyar maƙwabta. Rabi daidai, rabi shirme, Mutaru na ta gyara har zufa ta jiƙa masa riga.

Hajiya ta daɗe tana rubutu, sannan ta taso. "Shekara talatin na yi da alli a hannu, ɗana. Dama da hagu mu ma mun yi, amma da yara, ba da iyayenmu ba. Na ƙara maka wata uku. Zan dawo, kuma ni zan riƙa zaɓa."

Ta miƙo masa takardar. Hannunsa na dama ya yi fari fat da alli, sai ya miƙa ɗayan.

"Ticha!" mata ashirin da uku suka daka masa tsawa. "Dama!"