Ƙanzo a Rijiya ta Goma Sha Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Ummu Karrar ta yi a ɗakin gwajinmu, a filin mai da ke yamma da Basra. Aikinta ruwan gishirin nan ne mai fitowa tare da ɗanyen mai. Takan auna abin da ya narke a ciki, ta faɗi lokacin da zai daskare ya yi ƙanzo a bututu. Ni nake ɗebo mata ruwan daga bakin rijiyoyi.

Da aka fara tura ruwan teku ƙarƙashin ƙasa don ya ingizo mai, sai ta haɗa ruwan biyu a kwalba ɗaya ta kai wa manaja, Abu Sajjad. Kafin ya shanye shayinsa gindin kwalbar ya yi fari fat.

Ta ce, "Ustaz, haka cikin rijiya ta goma sha bakwai zai koma nan da wata shida. Irin wannan ƙanzon ko asid ba ya cin sa. A fara zuba magani tun yanzu."

Ya ce, "Ummu Karrar, yaushe kika fara duba? Ga kofina, duba min ko zan ƙara aure."

Aka yi dariya, har da ni.

A wata na shida rijiyar ta toshe. Da aka zaro bututun aka yanka, ramin da ya rage ko babban yatsana bai shiga ba.

Aka ɗauko masani daga ƙasar waje. Ya yi kwana uku yana karanta takardunta, ya miƙe a taro ya maimaita maganarta da Turanci. Abu Sajjad ya yi ta gyaɗa kai, sannan ya juyo gare ta.

"Tunda kin san abin ya kai haka, me ya hana ki nacewa?"

"Sau huɗu na rubuto maka."

"Ban ga komai ba."

Kwamitin bincike ya kira ni, don ni na kai wa Abu Sajjad takardun nata huɗu da hannuna. Duk shekara Abu Sajjad ke sabunta min aikina, kuma 'ya'yana biyar. Na ce ba na tunawa.

Aka mayar da ita sito, tana raba safar hannu da takalma.

Ran nan na je karɓar nawa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Abu Mukhalad, an ɗebi ruwan rijiya ta ashirin da biyu?"

Na ce ba a ɗeba ba.

Ta ce, "Ita ma ta kusa. Sa hannu a nan."