Awa Huɗu Daga Dubai

"Biyar da rabi ne, Malam," in ji Alawi. "Ni na hau jirgin nan, ba a taswira na gan shi ba."

Malam Moidu ya buɗe ido ɗaya daga kan gadon. Tun safe likita ya ja matarsa Nabisu gefe ya ce a kira 'yan'uwa, da wuya ya kai la'asar.

"Awa huɗu ce, jakin banza," ya ce da ƙyar.

Shekara talatin suna wannan musu ta kan katangar da ta raba gidajensu. Alawi ya yi ɗinki a Dubai har gashinsa ya yi fari, kuma ya rantse da takardar tikiti: zuwa daga garinsu Kozhikode na Indiya awa biyu da rabi, dawowa biyar da rabi. Wai mutanen jiharsu Kerala ke cika jirgi da dabino da barguna, shi ya sa yake jan ciki. Malam kuwa lissafi ya koyar, bai taɓa hawa jirgi ba. Ya yi bayanin bambancin agogo har ya gaji.

Yanzu Shamla 'yar Malam, mai aikin jinya a Dubai, tana hanya. Agogon ɗakin na nuna tara da rabi ta bugo waya cewa za su tashi.

"Ƙidaya mana," in ji Malam.

Alawi ya lanƙwasa yatsu. "Ƙarfe uku."

"A nawa lissafin ɗaya da rabi. Uku ba zan kai ba, Alawi. Ɗaya da rabi zan gwada."

Nabisu ta miƙo wa Alawi shayi da soyayyiyar ayaba, ya ajiye su. Ya fita baranda yana kallon ruwan da ke dukan bishiyoyin kwakwa, yana roƙon Allah, karo na farko a rayuwarsa, ya sa shi ne maƙaryacin.

Ɗaya da minti arba'in waya ta yi ƙara. "Umma, mun sauka!"

"Ka ji?" in ji Malam.

"Iska ce ta turo su," in ji Alawi, yana share fuska da gefen zanensa.

Motar haya ta ci awa guda kafin ta iso. Shamla ta shigo a jiƙe, ta durƙusa ta kama hannun mahaifinta. Ya daɗe yana kallonta, kowa na jiran wasiyya.

"'Yar nan, awa nawa kuka yi a sama?"

"Baba, wallahi barci na yi."

"Kin cuce ni," ya ce, ya yi dariyar da ta koma tari. Bai saki hannunta ba. Alawi ya sunkuya yana maimaita masa kalmar shahada, ya bi shi a hankali. Ladan bai kira la'asar ba ya cika.

Alawi ne ya yanka likkafanin, bai nemi awo ba. Da suka dawo daga maƙabarta ruwa ya tsagaita. Akwatin Shamla na nan a baranda inda direba ya ajiye shi, naɗe da ledar filin jirgi, wata kaza ta hau kai ta kwanta.