Biro a Hannun Kwandasta

Wata uku ke nan muryar kwandasta ta dushe, ko fasinja ba sa jin kiransa. Likita ta zura masa siririn bututu ta hanci, ta ce, "Baba, ce aaa."

A allo ya ga cikin maƙogwaronsa: fararen jijiyoyi biyu, ɗaya na kaɗawa, ɗayar ƙari ya danne ta.

"Daga nan murya ke fitowa, kuma sai an cire wurin gaba ɗaya," in ji likita. "Bayan tiyata, abin da kake so sai ka rubuta."

Ta miƙa masa takardar amincewa da biro don ya sa hannu. Ya ƙura wa biron ido.

"Likita," ya ce da ragowar muryarsa, "ni fa yatsa nake dangwalawa."